Gwanjo, Dillali da Ƙimar Tsohuwar Bindiga

 

Da takardar gayyata ta iso mini, na ga an ce in zo in yi bayani a kan yadda gwanjon intanet yake tsayar da farashin tsofaffin bindigogi, sai da na yi jim. Na tabbata a cikinku ma akwai wanda ya karanta sanarwar ya ce, ina ruwan biri da gada? Mu da doka ta hana mu cinikin bindiga a kasuwa, me ya haɗa mu da gwanjonta a ƙasashen Turawa? Amsar da zan bayar ita ce wani rabon gado da aka yi a nan kusa da mu, kuma da shi nake so in buɗe magana.

Shekarun baya kaɗan wani tsohon maharbi ya rasu a wani ƙauye na ƙasar Roni, can cikin duwatsu. Ya bar gonaki biyu da tumaki da rumbun gero, sa'an nan ya bar bindiga biyu. Ɗaya ta toka ce, ƙirar maƙerin garinsu. Ɗayar kuwa mai baki biyu ce, ƙirar Ingila, wadda ya mallaka tun zamanin En'e, yana da lasisinta, yana kuma sabunta shi har ƙarfinsa ya ƙare. Malamin da aka kira domin rabon gadon abokina ne, shi ya ba ni labari. Gonaki ba su ba shi wahala ba, dattawan gari suka taka su, suka faɗi ƙimarsu. Tumaki kuwa dillali ɗaya ya isa. Da aka zo kan mai baki biyu, sai wuri ya yi tsit. Babban ɗa ya ce tsohon ƙarfe ne, a ba shi ya ajiye don tunawa da mahaifi. Ƙaninsa, wanda yake karatu a Kano, ya zaro waya ya nuna hoton wata mai kama da ita da aka sayar a gwanjo a Amurka, ya juya kuɗin zuwa naira, sai ga shi sun ɗara kuɗin gonakin nan biyu a haɗe. Na uku bai ce kome a gaban mutane ba, amma ya ja malam gefe ya raɗa masa cewa ya san wanda ya san wanda zai biya kuɗi hannu, in dai an kai masa da dare.

Abu ɗaya ke nan, farashi uku. A cikin magadan kuwa akwai mata da marayu ƙanana, waɗanda rabonsu ya rataya a kan wanda malam ya ɗauka.

Mene Ne Farashin Adalci?

Bahaushe bai jira masana tattalin arziki ba kafin ya san yadda ake gano kuɗin abu. Mai saye ya yi tayi, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, a sake cewa albarka, har a kai inda zai ce ya sallama. In kayan masu nauyi ne, kamar doki ko sa ko gida, sai dillali ya shiga tsakani, a biya shi la'ada. Abin da ake biya a wurin dillali ba yawunsa ba ne kawai. Ana biyan abin da ke cikin kansa ne, watau ya san nawa aka sayar da irin wannan sa a Maigatari ran Alhamis da ta wuce, ya san wane ne yake nema, ya san wane ne bashi ya matsa wa. Dillali rumbun farashi ne mai tafiya da ƙafa. Aibinsa kuwa shi ne mabuɗin rumbun yana hannunsa shi kaɗai, abin da ya ga dama shi yake fitarwa.

Malaman fiƙihu suna da suna ga abin da muke nema, suna kiransa samanul misli, watau kuɗin da ake sayar da irin wannan abu, a wannan wuri, a wannan lokaci, tsakanin mutanen da ba a tilasta musu ba. Ibn Taimiyya ya yi dogon bayani a kansa cikin littafinsa na Hisba. Wani abin sha'awa shi ne, dokar harajin Amurka, wadda ita ma take bukatar ƙimar kayan mamaci, kusan a nan ta sauka: farashin da za a daidaita a kai tsakanin mai son saye da mai son sayarwa, babu wanda aka matsa wa, kuma kowannensu ya san halin kayan. A riƙe waɗannan sharuɗɗa, domin da su za mu auna farashin nan uku.

Gwanjo kuwa, watau a ɗaga kaya a bainar jama'a kowa ya yi tayi, wanda ya fi ya ɗauka, shari'a ta san shi da sunan muzayada. Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa wani mutum daga cikin Ansar ya zo yana roƙo, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa ya kawo shimfiɗa da ƙoƙon shan ruwa da yake da su, ya ɗaga su ya nemi mai saye. Wani ya taya dirhami ɗaya, aka nemi mai ƙari, wani ya ba da biyu, aka sallama masa. Abin da shari'a ta hana shi ne najashi, watau mutum ya ƙara tayi alhali ba shi da niyyar saye, don dai ya ingiza wani ya faɗa. Ta kuma hana tare fatake a hanya a saye kayansu tun ba su shiga kasuwa sun ji farashi ba. Duka biyun illa ɗaya suke gudu, ita ce a ci mutum da jahilcinsa. Har ma Tuhfa ta Ibn Asim, wadda alƙalanmu suke aiki da ita, ta buɗe ƙofar ƙara ga wanda aka cuta a ciniki, muddin bai san kan abin ba, cutar ta kai sulusin kuɗin, kuma shekara ba ta wuce ba.

Yadda Gwanjon Intanet Yake Aiki

To, mu haura Amurka, domin can ne wannan sana'a ta fi girma. Kafin zuwan intanet, wanda ya gaji tsohuwar bindiga a can halinsa bai fi na magadan Roni da yawa ba. Ko dai ya kai ta kantin garinsu, mai kanti ya taya ta yadda zai ci riba, ko ya jira bajekoli, ko ya duba wani littafin farashi da ake bugawa shekara shekara, wanda kafin ya fito kasuwa ta riga ta motsa. A 1999 kamfanin eBay ya hana sayar da bindiga a dandalinsa, a cikin wannan shekara kuma aka buɗe GunBroker, wanda ya kwashi cinikin. Ya bunƙasa har aka sayar da shi a 2021 a kan dala miliyan 240.

Mai kaya yana sa hotuna da bayani, ya faɗi ranar rufewa, in ya so ya ajiye wani farashi a ɓoye wanda in ba a kai shi ba babu ciniki. Wannan shi ne albarkarsa, ya faɗa tun kafin a taya. Mai saye kuma ba sai ya zauna yana ƙara tayi kaɗan kaɗan ba. Yana gaya wa na'ura iyakar abin da zai iya biya, ita ce za ta riƙa ƙarawa a madadinsa gwargwadon bukata. Bari mu ƙaddara da keken ɗinki don a gane. Wani ya ce iyakarsa naira dubu 80, wata ta ce iyakarta dubu 100. Ita za ta ɗauka, amma ba dubu 100 za ta biya ba, dubu 80 ne da ɗan abin da ya ɗora. Watau wanda ya zo na biyu shi yake yanke farashi. William Vickrey ya nuna hikimar wannan tsari tun 1961, aka kuma ba shi kyautar Nobel a 1996. Hikimar ita ce, tunda abin da za ka biya ba daga bakinka zai fito ba, ba ka da ribar ɓoye gaskiyar abin da kayan suka kai a wurinka. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban dillali yana yatsine fuska ga san da ransa yake so, ya san irin nauyin da aka sauke masa.

Akwai kuma maganar rufewa, wadda ta fi yadda ake zato muhimmanci. A eBay lokaci na cika an rufe, don haka gwanaye sukan laɓe sai saura daƙiƙoƙi su jefa tayinsu, kada wani ya sami damar ramawa. Alvin Roth da Axel Ockenfels sun nazarci wannan ɗabi'a a 2002. A GunBroker kuwa ba a rufewa sai an yi minti 15 cur babu sabon tayi. Wannan ba wani abu ba ne illa ƙararrawar mai gwanjonmu na da, wanda yake kira sau ɗaya, sau biyu, yana waige-waige ko akwai mai ƙari, kafin ya buga ta uku.

Amma a ganina babban abin da wannan gwanjo ya kawo bai tsaya ga yawan masu tayi ba, ko da yake tara mai saye daga jihohi 50 a kan kaya ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Babban abin shi ne ajiya. Cinikin da aka ƙulla yana nan a rubuce, da hotonsa da kuɗinsa da ranarsa, mai nema ya duba. Rumbun nan da muka ce yana cikin kan dillali an fasa ƙofarsa. Bazawarar da mijinta ya mutu ya bar mata bindigar farauta tana iya duba guda ashirin irinta da aka sayar cikin watannin baya, ta shiga kanti da saninta. A lura kuma, kuɗin da aka sayar shi ne hujja. Kuɗin da mai kaya ya sa wa kayansa buri ne, kowa yana iya rubuta abin da ya ga dama.

Kada a ce wannan sai Turawa. A nan maƙwabtanmu Nijar, Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsi daga 2001 zuwa 2006, lokacin da wayar hannu take shiga gari bayan gari, ta samu cewa bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Ba a ƙara ko tiya ɗaya ta gero ba, labari ne kawai ya yi sauri. A ƙasarmu ma Hukumar Kwastan ta fara gwanjon motoci da kayan da ta kama ta intanet a watan Yuli 2017, ta sake buɗe shi da sabon tsari a Janairu 2024, dalili kuwa shi ne koke-koken da aka daɗe ana yi cewa gwanjon hannu 'yan gida kaɗai suke sanin ranarsa.

Inda Ma'aunin Yake Karkata

Kada in bar ku da zaton cewa abin da na'ura ta nuna shi ke nan gaskiya. Hoto ba ya nuna tsatsar cikin baki, ba ya nuna tsagewar kota da aka shafe da mai. George Akerlof ya bayyana tun 1970, da misalin tsofaffin motoci, cewa in mai saye ba ya iya rarrabe mai kyau da mai aibi, sai ya taya duka da kuɗin tsaka-tsaki, mai kaya nagari ya ji haushi ya janye, kasuwa ta rage sai tarkace. Dandalin gwanjo yana yaƙar wannan da shaidar da masu saye suke rubutawa a kan mai sayarwa, wadda ita ce madadin mutuncin da dillali yake tsoron zubarwa a garinsu. Najashi ma bai mutu ba, ya sauya riga ne. Mutum yana iya buɗe suna na biyu ya riƙa taya kayansa da kansa, kuma gane shi a bayan allo ya fi wuya bisa gane shi a tsakar kasuwa, inda kowa ya san ɗan wane ne.

Sa'an nan akwai abin da injiniyoyin man fetur uku suka lura da shi a 1971, suna duban gwanjon filayen haƙar mai: sau da yawa wanda ya ci gwanjo shi ne wanda ya fi kowa kuskuren lissafi. In mutum goma suka ƙiyasta abu, wanda ya fi zuzuta shi shi zai ɗauka, ya je gida yana murna da asara.

Na huɗu shi ne wanda ya ruɗi ɗalibin nan na Roni. A gwanjon manyan kaya, labari ake saye, ƙarfen rakiya ya yi. A Mayu 2022 an sayar da ƙananan bindigogi biyu na Janar Ulysses Grant, wanda ya shugabanci Amurka, a kan dala miliyan 5.17. A Yuli 2024 aka sayar da biyu na Napoleon a Faransa a kan yuro miliyan 1.69. Ko a ƙasa da wannan mataki, bindiga biyu masu kama ɗaya a ido suna iya bambanta ninki hamsin saboda sunan maƙeri da lamba da takardun asali. Yaron nan ya ga baki biyu da kota mai sheƙi, ya ce ai irin ta baba ce. Ta baba kuwa ta sha damina fiye da hamsin a dajin Roni, maƙerin gari ya yi mata gyara ba sau ɗaya ba.

Na biyar shi ne tsoro, kuma shi ne gadar da za ta maido mu gida. Bayan kisan yara a makarantar Sandy Hook a Disamba 2012, aka yi ta raɗe-raɗin za a hana wasu bindigogi, farashinsu ya yi tashin gwauron zabo, da maganar ta lafa ya faɗo. A 2020, shekarar annoba da tarzoma, binciken da hukuma take yi wa masu sayen bindiga ya kusa miliyan 40, abin da ba a taɓa gani ba kafin nan. Gwanjo bai yi ƙarya ba a waɗannan lokuta, ya faɗi abin da mutane suke biya. Sai dai mutumin da tsoro ya koro, ko za a ce ba a tilasta masa ba?

Abu ɗaya ya rage a faɗa game da Amurka, wanda masu kallon hotuna a waya ba sa gani. In an ci gwanjo daga wata jiha, ba a aika bindigar gidan mai saye. Doka ta sa sai an aika ta wurin dillali mai lasisin gwamnatin tarayya, mai saye ya je da kansa, ya cika takarda, a bincika ko yana da laifin da ya hana shi riƙe makami. Tsarin yana da ɓaraka, domin a jihohi da dama cinikin mutum da mutum a cikin jiha ɗaya ba ya bi ta nan, kuma su kansu Amurkawa suna ta jayayya a kai. Duk da haka, farashin da yaron ya nuna farashi ne na kasuwar da doka ta yarda da ita, mai rajista, mai kotun da za a kai ƙara.

Mu Dawo Gida

Ƙasar nan tamu ba baƙuwar bindiga ba ce, ba kuma baƙuwar farauta ba. Labarin baka ya ce wani maharbi mai suna Kutumbi shi ya fara zama a Kazaure, da ya ga kwarin da duwatsu suka kewaye ya ce kamar zaure. Tarihin Kano ya ambaci Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, da cewa shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Bayan Ɗantunku ya kafa masarautar Kazaure a 1819, wannan yanki har zuwa Babura ya zauna a bakin Damagaram, inda Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara dubban bindigogi ta hanyar Tarabulus, har ya sa ana ƙera igwa a Zinder. Kakanninmu sun ji ƙarar wannan albarushi. A 1890 kuma Turawa suka zauna a Brussels suka ƙulla yarjejeniyar hana shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, suka bar mana masu ƙanƙara da albarushi, su kuwa suka zo da masu jigida. Wanda ya san abin da ya faru a Kano a Fabrairu 1903 ya san amfanin da wannan yarjejeniya ta yi musu.

Bari in ɗan ratse. Lokacin da muke yara, in an ce 'yan bindiga, mutanen sarki ake nufi, masu cika bindigar toka su buga a hawan salla, mata na guɗa, dawaki na zabura. Yau ka ce 'yan bindiga sun shigo gari, ka ga yadda wuri zai watse. Kalma ɗaya ce, cikin rayuwar mutum ɗaya ta juya baya.

Dokar da take aiki a kanmu ita ce Dokar Makamai ta 1959. Ta kasa bindigogi uku. Akwai haramtattu, irin na soja da ƙananan na hannu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, irin mai baki biyun nan, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda yake ba da lasisinsu. Akwai kuma waɗanda ake ɗurawa ta baki, watau ta toka da danginta, waɗanda al'amarinsu yake hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ba mai yin sana'ar saye da sayarwa sai dillalin da aka yi wa rajista, kuma lasisi na mutum ne, ba ya shiga gado. A 2023 rundunar 'yan sanda ta ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasisi. Makaman da aka kama kuwa ba sa shiga gwanjon Kwastan. Bindigogi 844 da harsashi 112,500 da aka kama a tashar Onne a 2024 an miƙa su ne ga cibiyar ƙasa mai kula da ƙananan makamai, wadda aka kafa a 2021.

Yanzu sai mu auna. Farashin Amurka ya faɗi tun a sharaɗin farko, domin ba na wannan wuri ba ne, ba kuwa hanyar halal da magajin Roni zai kai kayansa can. Farashin babban ɗa, na tsohon ƙarfe, yana da ƙamshin son kai, amma ya fi kusa da gaskiya bisa yadda shi kansa ya zata, saboda in masu izinin saye sun ƙaranta ƙwarai, kuɗin halal na abin yakan faɗi ƙasa warwas. Saura na uku, na dare, wanda shi ne mai tsoka, kuma shi ne mai jan rai.

Wannan farashi na uku yana da kasuwarsa, har da ta intanet. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, rumbunan makaman Libiya suka fashe. Wani nazari da cibiyar Small Arms Survey ta Geneva ta buga a 2017 ya tattara tallace-tallacen makamai 1,346 da aka yi a zaurukan sada zumunta na Libiya, da hoto da farashi da tayi, kamar ana cinikin waya. Kamfanin Facebook ya hana cinikin bindiga tsakanin mutane a Janairu 2016, amma a rufe wannan zaure a buɗe wancan. A Janairu 2020 kuma ƙungiyar Conflict Armament Research ta bi sawun makaman da aka kama a Katsina da Zamfara da Kaduna, ta samu wasu daga Libiya suka fito, wasu daga rumbun sojan Kodebuwa, wasu kuma daga Turkiyya ta tashar jiragen ruwan Legas. Mutumin Gwiwa da yake da 'yan'uwa a ƙasar Katsina, da mutumin Babura da yake kallon iyaka daga gonarsa, ba sa bukatar in fassara musu wannan.

A irin wannan kasuwa duk abin da muka yaba wa gwanjo yana nan: masu tayi da yawa, labari mai sauri, farashi mai daidaituwa. Amma sakamakon ya kife. Sauƙin gano farashin gero alheri ne ga kowa, domin cinikin gero tsakanin mutum biyu yake farawa, a tsakaninsu yake ƙarewa. Cinikin bindiga kuwa yana da mutum na uku, wanda ba ya wurin, ba a nemi tayinsa ba, ba a ji albarkarsa ba, shi ne wanda za a auna da ita. Da za a kira shi gwanjon, da ya sayar da gonarsa ya taya don a karya ta. Saboda wannan mutum na uku ne malaman fiƙihu suka hana sayar da makami a lokacin fitina ga wanda ake zaton zai yi ɓarna da shi, ko da kuwa cinikin ya cika sauran sharuɗɗa. Abin da ba ya halatta a sayar ta wata hanya, ba a yi masa ƙima da kuɗin wannan hanya. Saboda haka malam ba shi da ikon rubuta farashin dare a takardar gado, ko da marayu ne za su amfana.

Hukuma ma in ta shiga saye tana yanke farashi, ko ta sani ko ba ta sani ba. A Yuli 2020 Gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya yi shelar ba da shanu biyu ga duk wanda ya miƙa AK-47. Niyyar a fili take, kuma an zaɓi shanu ne don kada a ba da kuɗin da za a sake sayen makami. Sai dai duk wanda ya san kasuwar Maigatari ya san shanu kuɗi ne masu ƙafa huɗu. Ran da aka yi wannan shela an sa wa bindiga ƙasan da farashinta ba zai faɗa ba, kuma in kuɗin shanun ya ɗara kuɗin shigo da wata, to, an buɗe sana'a. Ostareliya ta sayi bindigogi wajen dubu 650 daga hannun jama'arta bayan 1996, abin ya yi tasiri, amma ita tsibiri ce, ta kuma toshe hanyar shigowa kafin ta fara biya. Mu kuwa iyakarmu da Nijar ta fi kilomita 1,400.

Ga ɗalibanmu, musamman na cibiyar koyon kwamfuta ta Kazaure da Kwalejin Hussaini Adamu da sabuwar jami'ar fasaha ta Babura, ina da roƙo. Abin aro a cikin gwanjon intanet shi ne ajiyar cinikin da aka ƙulla. Har yau in alƙali ko malami yana son ƙimar sa ko gona ko injin ban ruwa a ƙasar Kazaure, sai ya aika a kira dillali, ya dogara da tsoron Allahnsa. Ɗalibai goma da waya, suna zaga kasuwanninmu mako mako suna rubuta abin da aka sallama, cikin shekara biyu za su tara abin da kotunan gado za su riƙa buɗewa. Game da bindiga kuwa, rajista muke bukata. Tsofaffin bindigogin fada da na gidajen maharba, waɗanda wasunsu sun ga zamanin Damagaram, ya kamata a ɗauki hotonsu, a rubuta maƙerinsu da wanda ya riƙe su da inda suka je, tun masu labarin suna raye. Mun ga dai a gwanjon Turawa labarin ne mai tsada, mu kuwa namu yana bin tsofaffi kabari, ƙarfen kuma 'yan gwangwan suna aunawa a sikeli.

Shi dai malam abokina, ga yadda ya yi. Ya kira Sarkin Baka da Sarkin Maƙera suka duba ta tokar, suka yi mata kuɗin matsakaicin rago, aka sa ta cikin rabon ɗan da ya gaji farauta, da sharaɗin ya je ya daidaita takardunta da hukuma. Mai baki biyun kuwa ya cire ta daga lissafi, ya sa dagaci ya raka babban ɗa suka kai ta ofishin 'yan sanda tare da tsohon lasisin, aka ba su takardar shaida, ya rubuta a ƙasan takardar gado cewa in wata rana an sayar da ita ta hanyar da doka ta yarda, kuɗin na magada ne duka bisa rabonsu. Ɗalibin ya yi fushi, ya ce an jefar da dukiya a rijiya. Na ukun bai ce uffan ba, amma malam ya ce mini ya fi wata shida ba ya gaishe shi.